Guzurin Kyalle

Na san abin da ake gaya muku a kaina. Ranar sunan ɗiyar Hadiza na ji shi da kunnena daga bayan labule, gwaggonku Asabe tana ba surukanmu labari wai ni ne mutumin da ya ɗauke abinci daga gaban kawunsa ya ba kare, kuma wai son karnuka ne ya fitar da ni daga lise, wato makarantar sakandare. Aka yi ta dariya. Ni kuwa na koma ɗaki na zauna, domin har na tsufa ban iya tsayawa cikin taro in wanke kaina ba. Asabe tana goye a bayan Inna lokacin da abin ya faru, ko haƙori ba ta da shi, amma yau ita ce mai ba da labarin. To, tunda baki ya gagare ni, ga shi a rubuce, ku karanta ku yi hukunci da kanku.

Gidanmu yana Yawunde, can ƙasan unguwar Briqueterie, Birik kamar yadda muke cewa, inda hanya take gangarawa rafi ta wajen Tsinga. Baba tela ne, mai ɗinkin manyan riguna, mutum ne da ba ya son doguwar magana. Kawu Manu kuwa, ƙanin Inna, shi kaɗai ya ishi gida surutu. Yana da tsohuwar fikap da yake ɗaukar kayan 'yan kasuwa daga tashar jirgin ƙasa, amma ransa duk yana kan farauta. A zamanin shugaban ƙasa na farko bindiga ba abin wasa ba ce, sai mai takarda, kuma jandarmomi suna tare hanya suna leƙa bayan kowace mota. Saboda haka Kawu da abokansa da karnuka da gora suke farauta. Duk Lahadin rani sukan fita wajen Obala, inda kurmi yake buɗewa ya zama ciyawa, su dawo da gyazbi ko zomo, ranar sa'a kuma gada. Karnukansa uku ne, Tsinke da Ƙura da wata tsohuwar karya mai farin goshi da yake kira Kyalle. Inna ta rantse ba za su taka mata tsakar gida ba, don haka aka yi musu rumfar kwano a bakin rafi. A wannan wurin nake zuwa karatu, saboda nan ne kawai ba a kirana aike. Kyalle takan kwanta nesa kaɗan da tabarmata, tana kallona ina haddace darasi, ba ta taɓa yi mini haushi ba.

Sai ku san matsayin Kawu a wurina kafin ku gane sauran. Da na ci brevet, jarrabawar ƙaramar sakandare, Baba ya ce karatu ya isa, ga keken ɗinki yana jirana. Kawu ne ya zauna masa a shago wuni guda yana magana har Baba ya gaji ya ce a bar ni in ci gaba. Duk shekara idan hutu ya ƙare sai Baba ya sake tayar da zancen, duk shekara kuma Kawu ya sake kashe shi. Shi ya sa mini suna Dokta, rabi wasa rabi alfahari. A ƙafafunsa karatuna yake tsaye, kuma na san haka.

A shekarar da nake shirin probatoire, jarrabawar da ake yi shekara ɗaya kafin a gama lise, wata ranar Litinin muna cin tuwo, Kawu yana ta mita wai karnuka ba sa kai la'asar. Da safe yakan cika musu ciki da ɗumamen tuwo, su yi nauyi har hantsi, su ɗan yi gudu, azahar na yi kuma su zube. Ni da nake iya wuni ban ce uffan ba, ban san abin da ya buɗe mini baki ba. Na ce a littafinmu na kimiyya an nuna cewa jiki mai aiki ya fi son abinci kaɗan-kaɗan mai maiƙo, da za a rage na safe a riƙa ba su wani abu a daji da sun fi jurewa. Kawu ya ajiye lomarsa ya dube ni.

"To Dokta, ai ka samu aiki. Lahadi mai zuwa ina son ganin wannan wani abun."

Haka aka ɗora mini. Inna ta gindaya sharaɗi kafin in taɓa ko cokali. Ta ce a madafinta ba a dafa abin da ɗan Musulmi ba zai iya ci ba, ko da kare ne zai ci. Ba mushe, ba ruɓaɓɓen nama, ba sharar mahauta. Ta ware mini wani tsohon turmi, amma duk da haka sai ta tsaya a kaina na wanke shi kamar za a daka furar biki. Ku riƙe wannan sharaɗin nata, domin shi ne tushen duk abin da ya biyo baya.

Duk Asabar bayan makaranta sai in hau motar haya zuwa Etoudi, in sayi huhu da hanta da ɗan kitse a wurin wani mahauci da Baba yake yi wa ɗinki. In dawo in yanyanka su sirara, in shanya a kan waya bisa garwashi har su bushe ƙayau. In soya garin gero sama-sama, in daka ƙuli-ƙuli, in daka busasshen naman, in haɗa su da narkakken kitse da ɗan zuman da ake kawo wa Inna daga Adamawa. Ba gishiri, ba yaji, ba albasa, domin na tsaya bayan aji, gumi yana karyo mini, na tambayi malaminmu na kimiyya, ya ce albasa tana cutar da kare. Ina dunƙula su daidai girman ƙwan zabo, kowanne kamar ɗan'uwansa, wanda ya fi girma in gutsure, wanda ya kasa in ƙara. In jera su a faifai su sha iska, in zuba a jakar fata da Inna ta ba ni. Na kuma yi wa Kawu bayani sau biyu: da safe kunu kawai, a daji kuma duk lokacin da aka tsaya hutu a ba kowane kare dunƙule biyu da ruwa. Ya ce ya ji.

Lahadin farko jaka ta dawo wayam, Kawu yana yabo har da dafa mini kafaɗa. Lahadi ta biyu ya ce abin ya yi kaɗan, in ninka. Na ninka. Daga nan sai saƙonni suka fara zuwa. Wai karnuka sun fi son wanda zuma ya ji. Wai kitsen yana kama musu dasashi, a rage. Wata rana ya tsaya a ƙofar madafi yana sosa ƙeya, ya ce shi a ganinsa ɗan gishiri ba zai kashe kare ba. Na ce littafi bai ce a sa ba. Ya ce littafin ai bai taɓa zuwa Obala ba. Ni kuma, da duk karatun nawa, ban tambayi kaina yadda aka yi kare ya ba da labarin dasashinsa ba. Na ɗauka mafarauci yana da hanyar gane waɗannan abubuwa.

Abin da na gani da idona shi ne karnuka suna lalacewa. Duk daren Lahadi, a'a, tun magariba ma, da an sauke su sai su faɗa kan kwanon tuwo kamar waɗanda suka shekara a ɗaure. Kyalle ta fi shan wuya, domin ita ce mai shiga gaba, ita ce kuma babba. Haƙarƙarinta ya fito har ana iya ƙirgawa. Wata Lahadi a kafaɗa aka kawo ta mota. Kawu ya shigo gida yana faɗa tun daga zaure, wai abincin boko ya sangarta masa kare, wai da can da tuwo kawai tana kai azahar, yanzu ko hantsi ba ta wucewa da ƙarfi. Ya ce ya ba ta Lahadi ɗaya. Idan ta sake kwanciya, a can zai bar ta, ba za ta hau motarsa ba, shi ba ya ciyar da karen da ba ya aiki. Kowa ya san abin da ke samun tsohon karen gida da aka bari a daji.

Na kasa karatu a wannan makon. Na sake auna komai, na canza gero, na shinshina kitsen, na koma wurin malamin kimiyya har ya fara kallona wani iri. Na ɗauki dunƙule ɗaya na kai wa Kyalle a rumfa, ta haɗiye shi, ta lashe ƙasar da ya taɓa. To in abincin yana da lafiya, kuma jaka tana dawowa babu komai, me ke faruwa tsakanin Birik da Obala? Ranar Asabar na ce wa Kawu zan bi su. Ya yi dariya ya ce in zo da takalmin kirki, kuma in bar littafi a gida.

Mu biyar ne a motar. Wanda na fi tunawa shi ne Malam Buba, wani mai sayar da goro, siriri mai gemu, babban abokin Kawu. Muka wuce shingen jandarmomi, muka bar kwalta, muka shiga ciyawa da sanyin safiya. Karnuka suka yi aiki sosai da farko, Tsinke ya kama zomo. Da rana ta ɗaga aka tsaya a gindin wani mangwaro, Kawu ya sauke jakata daga kafaɗarsa, na matso in taya shi raba wa karnuka. Sai na ga mutane sun zagaye jakar sun zauna. Malam Buba ya sa hannu a aljihun gaba ya fito da wani ɗan ƙulli, ya kwance shi a hankali bisa gwiwarsa. Yaji ne, dakakke da gishiri. Daga gida ya taho da shi. Suka yi bisimilla, kowa ya ɗauki dunƙule, ya dangwala, ya kai baki. Karnuka uku suna zaune a gefe, harshe waje, idonsu yana bin kowane hannu daga jaka zuwa baki. Can Kawu ya karkaɗe ɓurɓushin da ke tafinsa wajensu.

Na tsaya kamar an dasa ni. Duk Asabar ɗin da na ɓata a Etoudi, duk hayaƙin da ya shiga idona, duk darasin da na bari, ashe manyan mutane masu gemu nake yi wa guzuri. Malam Buba ma har ya yaba mini, ya ce hannuna ya fi na matarsa, dakuwar Birik duk ba ta kai wannan ba. Na matsa kusa da Kawu na ce, da muryar da ni kaina da ƙyar na ji, ai na karnuka ne.

"Kare da yunwa yake farauta, Dokta," in ji shi, bakinsa cike. "In ya ƙoshi kwanciya yake yi. Kuma abu mai tsabta haka, da zuma a ciki, a ba kare? Ai sai Allah ya tambaye mu."

Wato an hana su tuwon safe bisa shawarata, an cinye na dajin bisa shawararsa, kuma laifin duka nawa ne da na Kyalle. Na so in faɗi haka. Na shirya maganar a raina da Hausa, na sake shirya ta da Faransanci, ko ɗaya ba ta fito ba. Suka ci rabi, aka ɗaure jaka, Kawu ya rataya mini ita wai in yi amfani.

Wajen azahar Kyalle ta fara tangaɗi. Ta bi sawun wani abu cikin ciyawa, ta dawo ba komai, ta zo gindin bishiyar da aka tsaya salla ta zube, ƙafafunta na baya suna rawa. Kawu ya taɓa ta da gora, ba ta tashi ba. Ya ce shi ke nan, kowa shaida ne, ya ba ta dama. Muka yi salla. Da aka shafa, suka gyara zama, Malam Buba ya sake kwance ƙullinsa, Kawu ya miƙo hannu.

"Dokta, kawo jakar nan."

Na tashi da jakar. Akwai abu ɗaya da na sani game da mutanen nan, wanda duk ɗan Birik ya sani. Za su yi gudu tare da kare, su kwana daji da shi, su karɓi nama daga bakinsa su yanka, amma abin da kare ya sa baki a ciki ba za su ci ba ko yunwa za ta kashe su. Kwanon da ya lasa ma sai an yi masa wanki na musamman. Na nufi Kawu, na wuce hannunsa da ke miƙe, na durƙusa gaban Kyalle, na buɗe bakin jakar sosai na ajiye. Ta ɗaga kai, ta shinshina, ta tura kanta gaba ɗaya ciki har kunnuwa.

Hannun Kawu yana nan a miƙe, sai a hankali ya sauke shi kan gwiwa. Na janye jakar kafin ta cika ciki, na ba Tsinke da Ƙura nasu, na zuba musu ruwa a ƙoƙo, duk ban ɗaga ido ba.

"Manu," in ji Malam Buba, yana ɗaure yajinsa, "ɗanka ya tsallake hannunka."

"Na gani," in ji Kawu.

Bayan an ɗan huta Kyalle ta miƙe. Ba zan ce muku ta koma kamar kwikwiyo ba, amma ta shiga gaba kamar yadda ta saba, kuma kafin la'asar ta fitar da gyazbi daga wani kwari ta riƙe shi har Kawu ya iso da wuƙa. Da za mu tafi ta tsallaka bayan mota, Kawu ya kalle ta, ya kau da kai, ya tayar da inji. Wurin zamana na gaba kuwa an ba wani. A baya na dawo Yawunde, tare da karnuka.

Kafin in wanke ƙafa labari ya riga ni shiga gida, kuma a sigar da Asabe take ba ku yau. Inna ta kira ni madafi.

"Da gaske kawunka ya miƙo hannu ka wuce shi?"

"Inna, abincin Kyalle ne. Su suke cinyewa."

"Ban tambaye ka na wane ne ba."

Wannan ita ce duk shari'ar da aka yi mini. Babu wanda ya taɓa tambayar me dattawa huɗu suke yi da guzurin kare. Na je na durƙusa na ba Kawu haƙuri kamar yadda Inna ta umarta, ya ce ba komai, yana kallon bango. Ya daina kirana Dokta. In ya ga dama ya ce "kai", in bai ga dama ba ya aiko yaro.

Na ci probatoire a wannan shekarar, ku rubuta wannan ku kai wa gwaggonku. Da hutu ya ƙare Baba ya ce idonsa ya fara gajiya da zare, lokaci ya yi da zan zauna a shago. Kawu yana wurin, yana sakace. Baba ma da kansa ya juya ya dube shi, domin ya saba a nan ne ake fara gardama. Kawu ya cire tsinken daga bakinsa ya ce, "Malam, ɗanka ne." Washegari na hau keken ɗinki. Bakaloriyar da kuke ganin takardarta a bango, wato shaidar gama lise, sai bayan shekaru na same ta, da karatun yamma, bayan na tashi daga shago idona yana yaji. Abin da na biya ke nan, kuma na san farashin tun lokacin da nake wuce hannun nan.

Guzurin kuwa ban daina yi ba, kuma Kawu bai ce in daina ba. Sai dai duk safiyar Lahadi, kafin in miƙa jaka, nakan tsaya a bakin mota inda kowa yake gani in buɗe wa Kyalle ta sa hanci. Kawu ya karɓa da yatsu biyu ya jefa baya. Malam Buba ya koma zuwa da gasasshen rogo. Kyalle ta ƙara rani da dama tana farauta, ta mutu da tsufa a rumfarta, a bakin rafi.

Da Kawu ya tsufa, ciwo ya kwantar da shi, a gidana na Cité Verte ya yi jinya, domin 'ya'yansa duk suna Garwa. Haƙoransa sun zube, ya ƙi tuwo, ya ƙi kunu, uwarku ta yi ta fama da shi. Wata rana da hantsi na shiga gaishe shi, ya daɗe yana kallon rufi, sannan ya ce, "Dokta." Rabon da in ji sunan nan a bakinsa tun gindin bishiyar nan. Ya tambaye ni ko har yanzu na iya wannan abin nawa na da. Na tafi Etoudi da kaina, da furfurata, na sayo huhu da hanta, na zauna gaban garwashi, na daka shi lukui saboda bakinsa. Asabe tana gidan a ranar, ita ta riƙe mini taɓarya ma, amma wannan ɓangaren ba ta taɓa ba kowa labarinsa ba. Na jera su a faranti na shiga, zan ajiye a kan kujerar gefen gado. Ya fito da hannunsa daga cikin bargo ya miƙo.

"A nan za ka sa."

Na sa masa ɗaya a tafi. Ya mutsuttsuka shi da dasashi, ya haɗiye, ya miƙo hannu ya karɓi na biyu. Sannan ya dube ni ya ce har yanzu ba gishiri.